Kawu Tanko, Sarkin Ruwan Tudu

Duk wanda ya taɓa gaida Kawu Tanko da safe ya san ba a samun amsa nan take. Za ka ce, "Ina kwana, Malam Tanko?" Sai ya ɗaga maka hannun hagu, wato dakata. Ya sa yatsa a baki ya jiƙa, ya ɗaga shi sama, ya lumshe ido ya yi tsit. Sai can ya ce, "Daga gabas take, ta ɗan karkata kudu." Sannan ya dube ka ya ce, "Lafiya lau. Ina gajiya?" Iska tukuna, mutum daga baya. Ko liman ne ya gaishe shi, sai ya jira an gama duba iska. Liman ya taɓa ce masa, "Malam Tanko, amsa sallama fa wajibi ne." Ya ce, "Allah gafarta malam, ai kai kana nan tsaye, ita kuwa wucewa take yi."

Ni ne Salihu mai ɗinkin riga, ɗan ƙanwarsa. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuto abin da ya sani da kyau, a karanta a gaban aji. Na duba na ga abu biyu kaɗai na sani da kyau, allura da Kawu. Allura ba ta da labari. Yawancinku kun san shi, wasunku ma kun sha dariya a bakin kududdufin bayan marina. Kada kowa ya sunkuyar da kai, na gan ku, ina cikin ruwa kuna tudu.

Ga wanda bai san mafarin abin ba, ga shi. Lokacin yaƙin Jamus na farko an kwashi Kawu yana saurayi cikin masu dako, aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko. Kowa ya kwanta yana amai, shi kaɗai ke yawo garau, saboda haka aka sa shi sharar ɗakin shugaban jirgin. A ɗakin nan akwai wani ɗan jirgi na ado a kan tebur, tsawonsa kamar daga kafaɗa zuwa yatsa. Irin jiragen yaƙin Turawa ne na dā can, waɗanda iska ke turawa: sanda uku a tsaye, ƙyallaye a rataye, igiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, ga bakunan igwa suna leƙowa ta 'yan tagogi. Kullum sai ya goge shi da gashin kaza. Har suka sauka yana gogewa, ya haddace shi igiya igiya kamar mai harda. Ya dawo Zariya ya koyi kafinta, ya yi shekaru yana ƙofofi da akwatunan aure. Ran da ya ajiye aikin mutane, sai ya ce yanzu zai yi nasa. Mutumin da ke zaune cikin ganuwa, inda ruwan da ya fi girma shi ne kududdufi, ya ce jirgin yaƙi zai ƙera! Abokinsa Audu wanzami ne ya naɗa shi Sarkin Ruwan Tudu, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, shi na gasken girmansa kamar yaya?"

Ya ce, "Wane na gasken? Wanda na gani da idona na ƙarya ne?"



A zaurensa yake aikin, jirgi ɗaya duk shekara. Zai sami guntun rimi ya fafe cikinsa kamar akushi, ya kankare bayansa da fasasshiyar kwalba har ya yi santsi kamar kuncin jariri. Igwa kuwa guntayen kyauro ne, ya shafa musu baƙin tukunya. Shuɗi daga marina, ja daga wurin dukawa, ya toshe kowace kafa da kakin zuma, sannan ya bi da man gyaɗa yana murzawa da tafin hannu har kwana bakwai. Bai taɓa sayen ko ƙusa ba. In kuna tafiya da shi a hanya sai ka ga ya tsaya cak, ya sunkuya, ya tsinci wata lanƙwasasshiyar waya ya jefa a aljihu ya ce, "Ƙugiyar jirgi." Zare kuwa nawa ne. Zai shigo inda nake ɗinki ya zauna kamar mai zumunci, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na tattara guntayen zare a kan tabarma. In guntayen sun yi masa kaɗan sai ya ce, "Salihu, ba ka ganin wannan da ke cikin allurar ya yi maka tsawo?"

Maganar ƙyallen jirgi ita ce ta fi. Kun san al'adar tsofaffinmu, mutum ya sayi likkafaninsa ya ajiye tun yana da ƙafa. Kawu ma ya sayi nasa, farin alawayyo mai kyau, ya ba matarsa Inna Hajara ta adana a ƙasan akwati. Wata rana ta ciro shi za ta shanya saboda gara, ta warware, sai ta ga abu ya koma kamar ɗankwali. Ta fito zaure da shi a hannu, ina zaune.

"Malam, mene ne wannan?"

Bai ko ɗago ba. "Likkafani ne."

"Na wa? Na ɗan tsako?"

"Nawa ne, Hajara."

"Ina sauran?"

Ya nuna jiragen da ke jere a kan katako da bakin wuƙa. Kowanne sanye da farin alawayyo, ni ma da hannuna na dalmashe bakunansu ban san daga inda yadin ya fito ba.

Inna ta riƙe haɓa. "Innalillahi! To ran da ta Allah ta kasance, da me za a rufe ka?"

Ya ce, "Ke ba ki lura ba? Duk shekara ƙanƙancewa nake yi. Ina aunawa. Ni da shi tare muke raguwa."

Ta ce, "To wallahi ya fi ka sauri."

Akwai kuma ranar Malam Bulus, wani malamin makaranta daga Wusasa, mutumin kirki. Ya ji labarin jiragen, ya hau keke takanas ya zo da wani babban littafi mai hotuna. Ya duba aikin ya yi ta jinjina kai, ya ce bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Kawu ya ji daɗi har ya sa aka dama fura. Sai Malam Bulus ya lura da abin da mu mun saba gani har mun daina gani: a kowane jirgi, kan sandar baya a karkace yake, an naɗe shi da zare kamar karayar da aka ɗora.

Ya ce, "Baba, wannan fa? Duk sun karye ne a wuri ɗaya?"

Kawu ya ce, "Ba karyewa ba ce. Haka ake yinsa."

Malam Bulus ya buɗe littafi ya nuna masa hoto, ga sanduna uku a miƙe sambal. Ya ce cikin ladabi, "Ina jin wanda ka gani ɗin faɗuwa ya taɓa yi, aka ɗaure masa."

Kawu ya karɓi littafin, ya kai shi kusa da hanci, ya nisanta shi, ya juya shi. Sannan ya ce, "Malam, wanda ya zana wannan, ya taɓa goge jirgin da hannunsa?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ni na goge. Ka gaishe shi, ka ce ya gyara."

Malam Bulus ya shanye furarsa ya yi godiya. Daga baya ya riƙa aiko masa da 'yan ƙusoshi, amma bai sake kawo littafi ba.

To, duk wannan wasa ne. Abin da ke ci wa Kawu rai guda ɗaya ne, kun kuma san shi. Yakan ce, "Jirgin da bai taɓa ruwa ba akwati ne." Saboda haka duk shekara, in damina ta yi tsakiya kududdufin bayan marina ya cika ya batse, sai ya sa rana. Bayan la'asar ya fito da sabon jirgi a ka, an ɗaura masa dogon zare a hanci, unguwa ta biyo shi. Ya duba iska da yatsa, ya yi bisimilla, ya ɗora shi bisa ruwa, ya ɗan tura. Jirgi ya yi tsaye gwanin kyau, fararen ƙyallaye sun kumbura, mata na leƙe ta kan katanga. Sai ya ɗan yi lilo dama, ya ɗan yi hagu, sai rijif! Ya kwanta a gefensa kamar jakin da ya ƙi kaya.

Kowace shekara haka. Ni ne mai naɗe wando in shiga in ɗauko, in fito da kainuwa a wuya.

Audu wanzami kuwa da tabarmarsa yake zuwa, da gyaɗa a aljihu. Shi ne mai auna lokaci. Da an saki jirgi sai ya fara ɓare gyaɗa yana ci yana ƙirgawa da ƙarfi. Na farko ya kai gyaɗa goma sha biyu kafin ya kwanta.

Audu ya ce, "Sarkin Ruwa, ya nutse!"

Kawu ya ce, "Kai dai jahili ne, wanzami. Ka ga ya nutse? Kwanciya ya yi."

"To a yaƙin ma haka suke kwanciya?"

"In sun gaji."

Kawu ya koma gida ya yi tunani, ya gano dalili. Ya ce, "Nauyi ne. Ka jefa dutse a ruwa, ka jefa gashin kaza, wa zai tsaya a sama?" Ba wanda ya iya musa wannan. Saboda haka shekara ta biyu ya ƙara fafe cikin jirgin, ya rage kauri. Gyaɗa tara. Ta uku ya fafe har kana ganin hasken rana ta jikin katakon, ya kuma ƙara ƙyalle a sama don iska ta riƙe shi. Gyaɗa shida. Haka aka yi ta yi, jirgi na ƙara zama sakayau, gyaɗar Audu na ƙara yin saura. A shekara ta tara jirgin bai fi ƙwaryar shan fura nauyi ba. Kawu na sakinsa, kafin ya janye hannu, ya kwanta.

Audu ya ɗaga gyaɗa ɗaya sama ya ce, "Jama'a, ku shaida, bana ko ɓarewa ban yi ba!"

Aka yi dariya har wani ya faɗa ruwa. Kawu ma ya yi 'yar tasa. Amma a hanyar gida, ina riƙe da jirgin yana ɗiga, sai na ga ya yi tuntuɓe da tushen bishiyar da ya shekara sittin yana tsallakewa. Na kama shi. Ya ce, "Wa ya kawo wannan nan?" A ranar na gane yanar ido ta fara rufe masa gani.

Kafin shekara ta zagayo abin ya yi nisa. Mutum yake ganewa da murya. Sassaƙa dai hannunsa ya san hanya, amma zare ya gagare shi. Wata rana na shigo zaure na tarar yana ta cusa zare a ramin da babu shi. Ya ji motsina, ya ajiye. Sannan ya ce, "Salihu, wannan shi ne na ƙarshe. Hannu na da saura, ido ne ya yi sallama. Ba na so in tafi a riƙa cewa Tanko mai jirgin kwance." Ban taɓa jin ya yi magana da ƙaramar murya haka ba. Na ce ni zan zama idonsa. Daga ranar, in na ajiye ɗinki da azahar, sai in zo in ɗaura igiyoyi, shi yana faɗa mini daga ka: wannan ta tashi daga nan ta bi ta ƙarƙashin waccan. In na kuskure ya shafa da yatsa ya ce, "Kwance. Riga kake tsammani?"

Ana cikin haka, da farkon damina, na kai wa wani dagaci rigarsa a ƙetaren kogin Galma. Ruwa ya kawo, sai da kwalekwale. Mai fiton wani dattijo ne mai faɗa. Na ga ya sa an jera buhunan gishiri a can ƙasa, ya zaunar da mu a kansu. Wani ɗan kasuwa ya miƙe tsaye zai gyara riga, kwalekwale ya yi lilo, irin lilon nan da na sani sarai. Dattijo ya daka masa tsawa, "Zauna, kada ka kifar da mu!" Da muka sauka na tambaye shi, "Baba, ashe ba nauyi ke kifar da jirgi ba?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. Ya ce, "Nauyin sama ke kifarwa, nauyin ƙasa ke riƙewa. Ran da ba ni da kaya, duwatsu nake zubawa."

Wallahi da gudu-gudu na dawo gari. Kuma a nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Maimakon in jira Kawu ya zama shi kaɗai, sai na faɗa zaure na tarar Audu na yi masa aski, ga mutum uku suna jiran layi, na zazzage labari duka a gabansu.

Kawu ya ture hannun Audu daga kansa. "Wato mai kwalekwalen Galma ne zai koya wa wanda ya ƙetare teku?"

"Kawu, ba haka nake nufi ba, cewa na yi ko ɗan dutse..."

"Dutse! A cikin jirgi! Salihu, bokon nan da kake koyo da furfura ya fara taɓa ka."

Audu ya ce, "A gwada mana, Sarkin Ruwa. In ya nutse ma ai ci gaba ne, an gaji da kwanciya."

Kawu ya kama gemunsa, kun san gemun, fari tas har ƙirji, ya ce, "Ku shaida. Ran da aka ga dutse a cikin jirgina, a aske wannan."

Audu ya wasa askarsa a tafin hannu ya ce, "Ni zan aske, kuma sadaka."

Shi ke nan, na rufe ƙofar da hannuna. Na koma gida ina cizon yatsa.

Bayan 'yan kwanaki Kawu ya rufe cikin jirgin da katakon sama shi kaɗai, ba na nan, ya liƙe da kaki, ya dasa shi a kan wasu 'yan ƙafafun katako. Ya kafa doka: a ɗaura igiya, a shafa mai, amma kada wanda ya kuskura ya ɗaga shi. Ya ce bana ya yi sakayau ƙwarai, hannun kowa zai iya fasa shi.

A makon nan ne kuma gidan ya rikice, ɗan dutsen niƙan Inna Hajara ya ɓace. Ba babban ba, ɗan siririn nan na hannu da take niƙa yaji da daddawa da shi tun tana amarya. Inna ta tashi unguwa tsaye. Ta leƙa rijiya, ta zazzage rumbu, ta aika gidan maƙwabta, ta tsaya tsakar gida tana faɗa da ƙarfi, "Wane marar tsoron Allah ne zai saci ɗan dutse ya bar uwar?" Kawu na zaure yana cewa, "Ki yi haƙuri, Hajara, duniya ce ta lalace. Tun da aka fara maganar zaɓen nan ba abin da ke zama inda aka ajiye shi."

Ni dai hankalina na kan jirgi. Rana na matsowa, na kasa cin abinci. Na ce a raina, tsohon nan ba zai ga wata damina da idonsa ba, in na bar shi ya sake shan dariya ban cika ɗa ba. Na yanke shawara zan zuba tsakuwa a ɓoye, in asiri ya tonu in ce ni ne, a aske nawa gemun. Ran da Inna ta raka shi Wusasa karɓo maganin ido da hantsi, na ciko aljihu da tsakuwa na shiga zaure. A katakon saman jirgin akwai wata 'yar ƙofa, yatsa biyu ke shiga. Na ɓamɓare kakin a hankali, na buɗe, na yi bisimilla na saki tsakuwa ɗaya.

Na ji ƙwal!

Katako ba ya cewa ƙwal. Na zura yatsa. Na taɓo wani abu mai sanyi, mai santsi, an kewaye shi da auduga an danne da kaki don kada ya motsa. Na zaro yatsa na kai hanci.

Daddawa!

Jama'a, zama na yi a ƙasa na toshe baki da hula, na yi dariya har hawaye. Daga baya kuma hawayen suka ƙi tsayawa, ban san dalili ba. Na lallaɓa na ciro tsakuwata, na mayar da 'yar ƙofa, na liƙe, na watsar da sauran a bayan gida. Ban faɗa wa kowa ba, ko matata.

Ranar ta zo. Mutane sun fi na kullum, don labari ya bazu cewa wannan ne na ƙarshe. Na ce zan ɗaukar masa, ya buge mini hannu. Ya ɗora abinsa a ka, ni ina riƙe da gwiwar hannunsa ina faɗa masa inda rami yake. Kafin mu kai marina gumi ya jiƙa masa riga, wuyansa na rawa.

Audu na kan tabarmarsa ya ce, "Sarkin Ruwa, yaya na ji kana nishi? Ba ka ce bana ya fi kowanne rashin nauyi ba?"

Kawu ya ce, "Tsufa ne, wanzami. Kai ma yana hanya."

Ya durƙusa a bakin ruwa, na riƙe masa riga ta baya. Ya yi bisimilla ya sauke shi. Jirgin ya zauna cikin ruwa, ya nutsa har kusa da tagogin igwa. Sai ya tsaya a nan. Kawu ya tura shi, ya riƙe zaren a tsakanin yatsu.

Audu ya fara, "Ɗaya." Iska ta cika ƙyallaye. "Biyu. Uku." Jirgi ya karkata dama, mutane suka ja numfashi, wasu har sun buɗe baki za su fara. Sai ya dawo ya miƙe. Ya karkata hagu, ya sake miƙewa. Sannan ya kama hanya, yana tsaga kainuwa, da karkatacciyar sandarsa da komai, kamar wanda aka aika.

Audu ya kai goma sha biyar, muryarsa na raguwa. Daga nan ban ƙara jin ƙirga ba.

Kawu ya ce a hankali, "Salihu, me ake ciki?"

"Yana tsaye, Kawu. Yana tafiya."

"Kada ka yi mini ƙarya don ka ga ba na gani."

"Wallahi yana tsaye. Ya wuce tsakiya."

Ya karkata kunne wajen jama'a. Ba ka jin komai sai kwaɗi. Zaren na zarewa ta tsakanin yatsunsa sannu sannu. Ya ce, "Yana ja. Na kwance ba ya ja haka."  Da zaren ya zo ƙarshe na ce bari in jawo shi, ya ce, "A'a," ya buɗe yatsu ya sake shi. Jirgin ya tafi abinsa har ya dunguri gaɓar can, wajen masu wanki. Sai wata mata ta rangaɗa guɗa ta bayan katanga, wuri ya ɓarke.

Audu ya taso, ɓawon gyaɗa na zuba daga cinyarsa, ya kama hannun Kawu da hannu biyu, ya ce, "Tanko, gyaɗata ta ƙare, jirginka bai kwanta ba." Idonsa ya yi ja. Amma wanzami wanzami ne, sai ya ƙara da cewa, "To me ka sa masa bana?"

Kawu ya miƙe, ya shafa gemu tun daga sama har ƙasa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Shekara nawa ina faɗa muku? Rashin nauyi! Bana ne kawai na dace da fafewa." Ya juyo wajena ya ce, "Salihu, zagaya ka ɗauko. Kai kaɗai. Kada ka ba kowa ya riƙe maka."

Na ce, "To, Kawu."

Ya matse mini hannu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka ga ai ba nauyi."

Na ce, "Kamar gashin kaza, Kawu."

Bai sake ƙera wani ba, bai kuma sake kai wannan ruwa ba. Ya ce jirgin da ya ci yaƙi hutawa yake yi. Watanni bakwai bayan nan ya kwanta, kwana uku, Allah ya karɓi abinsa, da gemunsa cif.

Bayan sadakar arba'in na je gaida Inna Hajara. Na ga tana niƙa yaji da wani sabon ɗan dutse, tana tsaki, wai bai san hannunta ba. Na ga dai nauyin ya ishe ni, na ce, "Inna, akwai maganar da nake riƙe da ita game da dutsenki."

Ba ta daina niƙa ba. Ta ce, "Na cikin jirgi?"

Na saki baki. "Kin sani?"

"Salihu, shekara arba'in ina share zauren nan. Jirgi na warin miyar kuka, a ce ban sani ba? Ina kallonsa ta kafar ƙofa ran da ya ɗauka, yana lalube, har ya zubar mini da gishiri."

"To, Inna, faɗan da kika yi ta yi fa? Har rijiya kika leƙa!"

Ta ce, "In ban nema ba ai zai gane na sani." Ta share ido da bakin zane, ta ce yajin ne. Sannan ta ce, "Tun da ka iya rubutu yanzu, rubuta ka karanta musu. Ka tabbata Audu na wurin. Ya zo da askarsa in ya ga dama, gemun ya riga ya tsere masa."

To, Malam Audu, ga shi ka ji.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya yafe masa taurin kansa da zarena da ya kwashe. Yadda aka rufa masa asiri a duniya, Allah ya rufa masa a can. Ya haskaka masa idon da ya rufe, ya sa nauyin da ya ɓoye na alheri ya fi wanda muka sani, ya ƙetarar da shi lafiya, a tsaye. Allah ya ba Inna haƙuri, mu kuma ya kyautata namu zuwan. Amin.